Ka Sauka a Tsafe Kafin Ka Wuce Legas

Tsafe, ranar Talata.

Abba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida kawunka Bala da iyalinsa, da duk mutanen gidanmu na Bungudu da suka ba ka wurin kwana tun da ka bar nan. Allah ya tsare ka a zaune, ya tsare ka a kan hanya, ya raba ka da sharrin ƙarfe da sharrin harshe, na mutane da naka.

Labari ya iso ni cewa ranar Asabar za ka hau mota zuwa Legas, wai kulob ɗin ƙwallon kwandon da suka ga wasanka a Gusau sun kira ka. Ba daga bakinka na ji ba, kawunka ne ya aiko. Ban rubuto don in hana ka tafiya ba, na san wannan ikon ya bar hannuna. Abu guda nake nema. Motar da ta taso daga Bungudu ba ta da hanyar kudu sai ta ratsa Gusau ta biyo ta Tsafe. Ka sauka. Ka shigo gida ka durƙusa gaban mahaifinka ka nemi gafararsa a kan abin da ka faɗa masa ranar sunan ɗan ƙanwarka Hadiza. Jikinsa ba yadda ka bar shi yake ba. Hawan jinin ya taɓa masa ɓarin dama, hannun ba ya ɗaguwa, maganarsa ma sai an kasa kunne. Likita bai ce mana komai ba, kuma na isa in san abin da shirun likita yake nufi.

Ka yi laifi, kuma ba zan sassauta maka shi ba. Ɗan da ya ƙaryata ubansa a gaban jama'a ya yi abin da ba a yi. Amma tun ranar nake zaune ina bin sawun maganar nan a baya, kuma duk inda na bi, ƙofar ɗakina take kawo ni. Don haka zan gaya maka nawa kurakuran, ba don su wanke naka ba, sai don kada ka ɗauke su ka tafi da su wani gari.

Sau ɗaya tak na taɓa ganin mahaifinka yana wasa. Ina 'yar makarantar sakandare a Sakkwato, aka ɗebe mu a babbar mota aka kai mu kallon wasannin makarantu. Fili ne na jar ƙasa, an shata layukansa da toka, allon kwandon katako ne, ƙarfen ma ya ɗan karkace. Sai ga wani dogo, ƙafa ba takalmi, kowa na kiransa Dogon Tsafe. Yakan juya wa kwandon baya, ya ɗaga ƙwallo da hannu ɗaya ta saman kansa kamar mai yafa iri, sai kawai ka ji ihu. Na ga ya yi haka sau da yawa. Sau nawa, ban sani ba. Wani malami ne yake rubuta makin ƙungiyoyin biyu da alli a kan allo, ba ya ware na kowa, da aka tashi kuma ya goge da tsumma. Iyakar abin da idona ya gani ke nan.

Amma ba haka na ba ka labarin ba. Kana ƙarami, idan ka ƙi cin tuwo, labarin Dogon Tsafe nake yi maka. Idan ka faɗi jarrabawa, shi nake ɗaukowa. Idan ka yi ƙiwar zuwa gona, in ce babanka a shekarunka yakan yi noma da safe ya je ya cika kwando da yamma. Kowace shekara labarin yana ƙara tsawo a bakina, ni kuwa ban lura ba, domin yana yi mini aiki. Bulala ce da ba ta barin tabo, sai na riƙe ta. Shi ma Malam, mahaifin naka, da ya ji yadda nake faɗa, sai ya fara faɗar haka a majalisa, har ya yarda. Ba maƙaryaci ba ne mahaifinka. Mutum ne da matarsa ta ɗinka masa riga ta fi jikinsa, ya sa, ya saba da ita. Ka kiyayi labarin da ke yi maka amfani, Abba. Shi ne ya fi saurin girma. Kuma idan Allah ya ba ka ɗa, kada ka auna shi da mutumin da ba shi da wurin zama sai a bakinka, domin yaro zai ƙare ƙuruciyarsa yana kokawa da wanda ba shi da jiki.

Na biyu ya fi wannan nauyi. Kai ne ɗana na fari, kuma ka san yadda aka tashe mu a Bungudu. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta tsaya masa a gaban mutane. Sunan mahaifina aka sa maka, shi ya sa nake ce maka Abba, kunya ta hau kan kunya. Ni da na yi makaranta, na karanta littattafai, na koyar da 'ya'yan wasu, wannan ɗabi'ar na riƙe ta fiye da matan da ba su taɓa riƙe alli ba, don kada a ce boko ya cire mini kunya. Duk shekarun da ka yi kana wasa a Gusau, ban taɓa taka filin nan ba. Da aka raba mu da Sakkwato aka ba mu jiharmu, aka kafa ƙungiyar jiha, aka zaɓe ka a ciki, ka dawo da riga mai lamba a baya ka shimfiɗa ta a kan igiya inda dole in gani. Na gani. Na ce Hadiza ta ɗauke ta don zan shanya kayan miya.

Ka tuna bikin da aka yi a Kucheri, lokacin da kuka dawo da kofi? Mata sun cika tsakar gida, sai wata ƙawata ta ce, "Malama, an ce ɗanki ya gaji ubansa, har ya wuce shi." Kowa ya juyo yana jiran bakina. Abin da al'ada ta ba ni shi ne in sunkuyar da kai in yi shiru. Da na yi haka da an fahimta. Amma ni mai son a ce na iya magana, sai na ce, "Wannan? Ko rabin Malam bai kai ba. Wasan yara suke yi yanzu." Aka yi dariya, aka yaba kunyata. Ban san kana bayan zana kana sauke buhun shinkafa ba, sai da na ga inuwarka ta tsaya, ta daɗe a tsaye, sannan ta wuce.

Dubi abin da na yi. Na yanke hukunci tsakanin mutum biyu, ɗaya na gan shi sau ɗaya ina yarinya zuciyata na rawa, ɗayan ban taɓa ganinsa ba ko sau ɗaya. Da ɗalibata ce ta kawo mini irin wannan hukuncin da na tsayar da ita a rana. Kunya abu ce mai kyau, ba zan zage ta ba ko yanzu. Amma kunya ta ce in yi shiru ne, ba ta ce in rushe ka ba. Ni na ƙara wannan da kaina. Idan ka je inda za ka, za a riƙa tambayar ka wane ya fi wane. Wanda ba ka gani da idonka ba, ka ce ba ka gani ba. Ba ragwanci ba ne, kuma ba za ka san wanda ke tsaye a bayan zana ba.

Akwai abin da ba ka sani ba. Na gaya maka Malam ya fi ka, amma shi kuma na gaya masa kai ka fi shi. Bayan ya bar aiki mun dawo Tsafe, gwiwoyinsa sun fara ba shi wahala, sai ya zama ba shi da abin yi sai zama a ƙofar gida yana maimaita tsofaffin wasanni. Abin ya riƙa ƙona mini rai. Gona na neman mai duba ta, katangar bayan gida ta zube, shi yana waje yana nuna wa mutane yadda ake juya hannu. Idan ya shigo sai in ce, "Malam, ka bar labarin nan haka. Yaron nan ya shafe ka, yanzu ko a Gusau ba a tuna ka." Yakan yi murmushi ya ce, "Haka ne, Malama?" Ya ɗauki buta ya fita. Na ɗauka zaburar da shi nake yi. Ashe wuƙa biyu nake wasawa, ɗaya da safe ɗaya da yamma, na ajiye su a gida ɗaya. Kada ka taɓa gyara mutum da wani mutum. Idan kana da magana da shi, ka faɗa masa tasa. Wanda ka ɗauko ka buga masa, ka mai da shi abokin gabansa, ko da jininsa ne.

To, ranar sunan. Kai ka san abin da ya faru, amma daga inda kake zaune ka sani. Ni ina bayan katangar zaure ina raba waina, kuma babu kalmar da ta wuce ni. An gama addu'a, an raba goro, dattawa sun miƙe ƙafa. Sai Alhaji Mamman, wanda suka yi wasa tare da mahaifinka tun suna makaranta, ya gyara murya.

"Dogo," in ji shi, "an ce ɗanka yana zuba maki a Gusau kamar ruwan Agusta. Kai fa sai dai mu ce Allah ya jiƙan da."

Malam ya ce, "Makin araha ne, Mamman. An shata musu wani layi, in ka tsaya a bayansa ka jefa sai a ba ka uku. Mu daga nan muke jefawa a ba mu biyu, mu ce mun gode."

Aka yi dariya. Da ka yi dariya tare da su da an wuce wurin. Sai na ji muryarka.

"Baba, ku da wa kuka buga? Manoman Furfuri da aka ɗebo daga gona aka ce su ɗaga hannu?"

Wani daga gefe ya ce, "A'a, yaro, bar mutanen Furfuri, surukaina ne." Aka sake dariya, har da Malam.

Ya ce, "Manoman nan in sun buge ka da kafaɗa sai ka kwana uku kana jin ta. Ba mai busa usur don an taɓa ka. A kan tsakuwa muka yi, ƙafa ba takalmi, ƙwallon ma duk faci. Ku da aka shafe muku fili da siminti kamar ɗakin amarya."

Alhaji Mamman ya ce, "Faɗa masa nawa ka zuba ranar Sakkwato, Dogo. Faɗa masa."

Malam ya faɗi abin da ya saba faɗa. Sai ka ce, "Bara ba haka ka ce ba, Baba. Makin nan naka kullum haihuwa yake yi. Wa ya rubuta? Wa ya gani?"

Ba wanda ya yi dariya.  Sai na leƙa ta kafar ƙofa, na ga mahaifinka yana son ya tashi. Ka san gwiwoyinsa. Ya dafa ƙasa, ya yunƙura, ya koma. Ya sake yunƙurawa. Kana zaune kusa da shi, hannunka zai kai, ba ka miƙa ba. Alhaji Mamman ne ya ɗaga shi. Wannan ya fi maganar muni, Abba, kuma shi ne abin da mutanen Tsafe suke faɗa har yau.

Ni kuwa me na yi? Tun daga maganar Furfuri na san inda aka dosa. Kalma ɗaya ta isa, in aika a ce ana kiranka a cikin gida. Ban yi ba, don kada mata su ce Malama tana tsaya wa ɗan farinta. Kuma da ka ce wa ya gani, ni ce na gani, ina tsaye taku kaɗan daga gare ku da faranti a hannu. Mace ba ta tsoma baki a zauren maza, haka na gaya wa kaina. Gaskiyar ita ce da na buɗe baki, da sai in ce na ga wasan amma ban ƙirga ba, yawan da ake faɗa kuma daga bakina ya fito. Na zaɓi mutuncina, na bar ku kuka yanki juna. Idan ka ga wuta tana tasowa tsakanin mutum biyu, kuma ruwa yana hannunka, kada ka tsaya tunanin abin da za a ce da kai. Da na sani ƙeya ce, ni yanzu a kanta nake kwana.

Tun da na ƙi faɗa a ranar, bari in faɗa maka yanzu yadda nake ganin gardamar taku, ko da ba ta da sauran amfani. Dukanku kun faɗi gaskiya, kuma dukanku kun yi zalunci da ita. Gaskiya ne a zamaninsa babu layin maki uku, don haka abin da kake samu a jifa biyu shi sai ya yi uku. Gaskiya ne kuma waɗanda suke tare ka yanzu sun fi waɗanda suka tare shi tsawo da horo, suna da koci mai tsara musu yadda za su rufe ka, shi kuwa sau da yawa shi ne dogo shi kaɗai a fili. Shi ya yi wasa a ƙasar da ƙwallo ke tsalle inda ta ga dama, kai kana yi a siminti. Kai kana buga wasanni da yawa a shekara, shi sai an yi taron makarantu. Kai ka ga yadda 'yan Amurka suke yi a kaset ka kwaikwaya, shi ba wanda ya nuna masa juyin hannun nan, shi ya ƙirƙiro abinsa a bayan aji. To da wane mudu za a auna wannan? Kakanka ya cika rumbu da fartanya a shekarun da ruwa ke zuwa a kan kari, ƙasa ba ta gaji ba. Kawunka Bala yana cika nasa da garmar shanu da takin zamani a ƙasar da ta tsufa. Ka je Bungudu ka tambayi dattawa wa ya fi noma, za su kwana suna musu, kuma ba wanda zai ƙara ko zangarniya ɗaya a rumbun. Na yi shekaru ina gyara jarrabawa. Ban taɓa ɗaukar takardar ɗalibin bana na haɗa da ta wanda ya amsa wasu tambayoyi dabam a wata shekara na ce wannan ya fi wannan ba. Abin da ba zan yi wa 'ya'yan wasu ba, shi na yi a gidana.

Hadiza ta ce mini a gidan kallon da kuke taruwa a Gusau ma wannan musun ne ba ya ƙarewa, wai wani tsohon ɗan wasan Amurka na zamanin da ne ya fi zuba maki ko wani na yanzu mai tashi sama. Can ma da suke rubuta komai, suna da hoto, suna da kaset, ba su gama ba. Ku da ba ku da komai sai allon da aka goge da tsumma, ku ne za ku gama? Su in sun yi musunsu sai su tashi kowa ya tafi gida. Kai ka ɗauko musun gidan kallo ka kawo shi zauren ubanka. Can wasa ne, domin ba wanda ya haifi wani a cikinsu.

Kuma ka sani zamani riga ne. Yadda aka shata layin da mahaifinka bai sani ba, haka za a sake shata wani bayan ka. Za a sake doka, a sake ƙwallo, a haifi yara da suka fi ka tsawo. Wata rana za ka zauna a ƙofar gida gwiwoyinka na ciwo, ka ce a zamaninka ka yi kaza, wani yaro ya dube ka ya ce da wa kuka buga. Ina roƙon Allah kada ya zama ɗanka. Amma ban ga dalilin da zai hana ba, domin abin da aka shuka a zaure a gaban shaidu ba ya ƙin tsirowa.

Ka lura da Alhaji Mamman ma, akwai darasi a jikinsa. Na daɗe ina tambayar kaina me ya sa yake son tsokanar maganar nan duk inda aka taru. Sai na tuna ranar Sakkwato. Akwai wani gajere mai sauri da yake ƙwato ƙwallo ya ratsa mutane ya miƙa wa Dogon Tsafe. Alhaji Mamman ke nan. Duk abin da mahaifinka ya jefa a kwando ta hannunsa ya biyo, amma ba a taɓa yi masa ihu ba, ni ma ban taɓa sa shi a labarin da nake ba ka ba. Mutumin ya tsufa da wannan a ransa. Ba na cewa ya yi niyyar raba ku, amma ya ji daɗin ganin an taɓa Dogo, kuma shi ɗin ne dai ya ɗaga shi daga ƙasa. Inda za ka, akwai wanda zai riƙa miƙa maka ƙwallo. Ka san sunansa, ka san garinsu, ka gaishe shi kafin ya gaishe ka. Mai zuba maki kamar bakin tulu yake, ta nan ruwa ke fitowa, amma ba shi ya je rafi ba.

Saura guda ɗaya, kuma ita ce na fi jin nauyin rubutawa. Mahaifinka ya taɓa ganin wasanka. Damina biyu da suka wuce ya ce mini zai je Gusau karɓar magani. Ya dawo bayan la'asar, ya zauna a kan tabarma bai cire hula ba. Na kawo masa fura, bai sha ba. Can ya ce, "Malama, na biya ta filin yaran nan. Na tsaya daga nesa, wajen masu rake." Na ce, "To?" Ya ce, "Hannunsa na hagu ya fi nawa na dama. Ni ban taɓa iya jifa daga inda yake jifa ba." Sai ya ce, "Ki gaya masa. Ni bakina ba zai iya ba."

Ban gaya maka ba. Na ce a raina yabo yana kumbura kan yaro, ka riga ka fara tafiya kana ɗaga kafaɗa, idan ka ji wannan ba mai iya riƙe ka. Na ce sai ka ƙara hankali. Da ya tambaye ni bayan kwana biyu ko na faɗa maka, na ce ina sane. Ya ɗauka ka ji, kuma ka ji ɗin ne ka ci gaba da yi masa kallon da kake yi. Da wannan a ransa ya zauna a zaure ranar sunan. A wurinsa, ɗan da ya riga ya sallama wa ne ya tashi ya ƙaryata shi. Amana ce aka ba ni na danne, ina ganin tarbiyya nake yi. Na gaya masa gaskiya bayan ya kwanta. Ya daɗe yana kallona, ya juya fuskarsa bango. Ban san ko ya yafe mini ba, ban kuma da fuskar tambaya. Idan aka ba ka alheri ka kai wa wani, ka kai shi da zafinsa. Ba kai ne za ka auna ko ya cancanta ba.

Ban rubuta wannan don ka ji daɗi ka ce ashe ka yi nasara ba. Idan abin da ka ɗauka ke nan, to na yi asarar tawada. Ba ka ci komai ba. Wanda ya fi ubansa jefa ƙwallo ya rasa albarkarsa, ban san sunan abin da ya ci ba. Legas za ta yi maka ihu muddin ƙafarka tana tashi, ranar da ta daina za su juya ga wani, kuma ba za su ma yi maka musun da ake yi wa mahaifinka a Tsafe ba, domin shi aƙalla yana da waɗanda suka tsufa tare da shi.

Idan ka sauka, kada ka zo da jawabi. Kada ka ce Inna ta gaya mini kaza. Kada ka ce shi ya fi ka, zai san lallashi ne, kuma ya tsani a lallashe shi. Ka cire takalmi, ka durƙusa ta ɓarinsa na hagu inda yake ji sosai, ka ce, "Baba, na yi kuskure, ka yafe mini." Idan ya yunƙura zai tashi zaune, ka sa hannu. Shi ke nan. Direba zai jira in ka roƙe shi, in bai jira ba akwai wata motar a bayansa.

Amma na san ka, domin taurin kan nan nawa ne. Zuciyata tana gaya mini za ka karanta wannan, ka ninke, ka ce sai ka dawo da suna sannan ka zo masa da abin nunawa. Ba shi da wannan lokacin. Tun da ya ji kawunka ya aiko da labarin tafiyarka, ya sa an fitar masa da shimfiɗarsa zaure, inda ake hango titi. Ya ce wai ɗaki ya yi masa zafi. Duk motar da ta rage gudu sai ya ɗaga kai.

Idan Asabar ta zo ka wuce, ba zan iya gaya masa ba. Zan ce an ɗaga tafiyar. Lahadi in ce motar ce ta lalace a Gusau. Litinin in nemo wani abin. Ni da na dake ku a kan ƙarya tun kuna rarrafe, zan tsaya a kan mara lafiya da furfurata ina shirya masa ita kowace safiya, har ranar da zai daina ɗaga kai. Zan yi, Abba, kuma zan amsa tambayarta a gaban Allah ni kaɗai. Ina so dai ka san abin da ka bar mini kafin motar ta wuce kasuwa.

Allah ya kai ka lafiya duk inda ka nufa. Allah ya tsare ƙafarka da gwiwarka, ya tsare maka sallarka a garin da ba mai tashin ka, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya kare ka daga abokin banza. Allah ya ba mahaifinka sauƙi, ya yafe mini abin da na ɓata tsakaninku. Ban yi maka baki ba, kuma ba zan yi ba, ko ka sauka ko ka wuce.

Wassalam.

Mahaifiyarka.